Bindiga da Shari'a: Nazari a kan Finafinan Kaboyi na Amurka da Mutanen da Suka Shirya Su

 

Gabatarwa

 Mai yiwuwa ne wani ya yi mamakin yadda za a zo majalisin ilimi irin wannan da zancen fim ɗin kaboyi, alhali kuwa abin da galibinmu muka riƙe game da shi bai wuce sukuwar dawaki da ƙarar bindiga da ihun 'yan kallo sa'ad da jarumi ya kayar da bos ba. To, amma duk al'ummar da ta yi shekara sittin ko fiye tana maimaita wa kanta ƙissa guda, tana sauya mata riga, tana kashe mata dukiya, sa'an nan ta aika da ita ko'ina a duniya, lalle akwai wani abu da ke damunta wanda take neman warwarewa a cikin ƙissar nan. Abin da wannan takarda za ta yi ƙoƙarin tabbatarwa shi ne, finafinan kaboyi na zamanin da Hollywood ke tashe, musamman tsakanin 1939 da 1962, muhawara ce Amurka take yi da kanta a kan mas'ala ɗaya: idan da zub da jini aka kafa gari, ina matsayin wanda ya zub da jinin bayan shari'a ta zauna? Zan fi jingina ga ayyukan John Ford, domin shi ne ya fi kowa daɗewa yana jujjuya wannan tambaya, kuma amsarsa ta sauya daga ƙuruciyarsa zuwa tsufansa.

Abin da tarihi ya tabbatar

Ya kamata mu fara da rarrabe ruwaya ingantacciya da hikaya. Zamanin da waɗannan finafinai ke ba da labarinsa gajere ne ƙwarai, don bai kai shekara talatin ba, wato daga ƙarshen yaƙin basasar Amurka a 1865 zuwa wajen 1890. Bayan yaƙin, shanu sun yi yawa a Texas har sun rasa daraja, ga kuma biranen arewa da gabas suna neman nama a kan farashin da ya kusa ninka na Texas sau goma. Saboda haka a 1867, da wani ɗan kasuwa mai suna Joseph McCoy ya gina zangon shanu a bakin tashar jirgin ƙasa ta Abilene a Kansas, sai aka shiga kora garke daga kudu zuwa can, tafiyar wata biyu ko uku, ta hanyar da ake kira Chisholm. Masu korar shanun nan su ne kaboyi na ainihi: 'yan ƙodago ne, galibinsu samari matalauta, ladansu kimanin dala ɗaya a yini, abin da ya fi kashe su kuwa shi ne faɗuwa daga doki da nutsewa a kogi da cuta. Sana'ar kanta daga makiyayan Meziko aka koyo ta, kuma masana tarihi da dama sun kimanta cewa kusan ɗaya cikin huɗu na masu korar shanun baƙar fata ne, da yawansu bayin da aka 'yanta.

Abubuwa huɗu suka kashe wannan sana'a. Dokar 1862 ta ba duk wanda ya zauna ya noma fili eka 160 ikon mallakarsa, sai manoma suka yi ta kwararowa. A 1874 Joseph Glidden ya sami rajistar waya mai ƙaya, sai makiyayar da a da ba ta da iyaka ta zama shinge bayan shinge. Sa'an nan jirgin ƙasa, wanda ya haɗa gabas da yamma tun 1869, ya miƙa rassansa har cikin Texas, ga kuma matsanancin sanyin 1886 zuwa 1887 da ya hallaka garke masu yawa. Hatta faɗan nan da ya fi kowane shahara, wanda Wyatt Earp da 'yan'uwansa suka yi a Tombstone ranar 26 ga Oktoba, 1881, bai wuce rabin minti ba, mutum uku suka mutu, kuma yana daga cikin musabbabinsa cewa garin yana da dokar hana yawo da bindiga.

Yadda ruwaya ta koma hikaya

Tun ƙurar ba ta lafa ba aka fara sayar da labarin. William Cody, wanda aka fi sani da Buffalo Bill, ya kafa ƙungiyar wasansa a 1883, yana yawo gari gari da dawaki da mahaya yana kwaikwayon harin da ake kai wa keken doki. Ya ɗauki Sitting Bull, jagoran Lakota, na 'yan watanni a 1885, ya kuma kai wasan Ingila a 1887, har Sarauniya Biktoriya ta kalla. A 1893, sa'ad da Cody ke wasa a birnin Chicago, a cikin wannan birni ne wani matashin malamin tarihi, Frederick Jackson Turner, ya karanta takardarsa a taron masana, inda ya kafa hujja cewa halin Ba'amurke, da son 'yancinsa da dogaronsa da kai, a bakin daji aka ƙera su, kuma ƙidayar 1890 ta nuna bakin dajin ya ƙare. Ashe ke nan mai wasa da malami sun haɗu a gari guda, a shekara guda, a kan ra'ayi guda, abin da ya rage kawai shi ne na'urar da za ta yaɗa shi.

Na'urar ta zo. A 1903 Edwin Porter ya shirya The Great Train Robbery wa kamfanin Edison, fim na minti goma sha biyu ko kusa da haka, wanda aka ɗauka a New Jersey, can gabas, nesa da inda labarin ya faru. Daga nan taurari suka biyo baya a zamanin fim maras magana, irin su William S. Hart mai murtuke fuska da Tom Mix mai ado. Shi kansa Wyatt Earp a Los Angeles ya ƙare rayuwarsa a 1929, yana leƙa wuraren ɗaukar fim yana ba matasan ma'aikata labari, kuma Ford ya ce daga bakinsa ya ji yadda faɗan Tombstone ya kasance. Mai nazarin isnadi zai lura cewa ruwayar da ta fito daga bakin mai ƙara shi kaɗai, bayan shekara talatin da wani abu, ta hannun mai sana'ar ƙaga labari, ba ta da ƙarfin da za a gina hukunci a kanta. Amma a kanta aka gina My Darling Clementine a 1946.

Ford, Wayne da keken doki

An haifi John Ford a 1894 a jihar Maine, iyayensa baƙi ne daga Ailan, mabiya ɗariƙar Katolika, wato mutanen da manyan gari na zamanin ke yi wa kallon raini; wannan kuwa yana da tasiri a kan wanda yake ɗaukakawa da wanda yake ƙasƙantarwa a finafinansa. Ya sami lambar Oscar ta gwanin masu ba da umarni har sau huɗu, ba ko ɗaya a kan fim ɗin kaboyi, abin da ke nuna irin matsayin da masu hukunci suka ba wannan fanni. John Wayne kuwa, wanda sunansa na yanka Marion Morrison, an haife shi a 1907, ya fara da ɗaukar kaya a wurin shirya fim. An ba shi babban matsayi a The Big Trail a 1930, fim ɗin ya faɗi a kasuwa, sai ya shafe kusan shekara tara yana fitowa a ƙananan finafinai masu araha, har Ford ya ɗauko shi a 1939 domin Stagecoach.

A duba yadda aka gabatar da shi. Keken dokin yana gudu, sai aka ji harbi, dawakai suka ja birki. Ga saurayi tsaye a kan hanya, sirdi a hannu guda, ya wulwula doguwar bindiga da ɗaya hannun, kyamara kuwa ta rugo zuwa fuskarsa da saurin da har hoton ya ɗan dushe kafin ya daidaita. Ford bai sake ɗaukar wurin ba, ya bar dushewar yadda take. A cikin keken akwai karuwa da matan gari masu da'awar tsarki suka kora, da likita mashayi, da ɗan caca, da matar hafsan soja mai juna biyu, da mai banki wanda ya fi kowa wa'azin gyaran ƙasa alhali jakar da ke cinyarsa kuɗin sata ce. Ko da tafiya ta yi tsanani, waɗanda aka raina su ne suka fitar da jama'a kunya: likitan ya wartsake ya karɓi haihuwa, karuwar ta yi jinya, saurayin nan, wanda ɗan fursuna ne, ya kare keken. Duk da haka, bayan ya ɗauki fansar mahaifinsa da ƙaninsa a kan mutum uku, hukuncin fim ɗin shi ne a sallame shi shi da matar su ƙetare iyaka. Garin da suka cece shi bai da wurin da zai ajiye su.

Mai bindiga da mutanen gari

Wanda ya karanta Muƙaddimar Ibn Khaldun ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin shehin malamin ya yi bayani tun ƙarni na goma sha huɗu cewa mutanen ƙauye da sahara sun fi mutanen birni jaruntaka, saboda su ke tsaron kansu da kansu, su kuwa mutanen birni sun miƙa tsaronsu ga ganuwa da hukuma har zukatansu sun yi laushi. Kuma daula da ƙarfin na farko take kafuwa, sa'an nan ta rikiɗe ta zama ta na biyu. Finafinan shekarun 1950 kusan dukkansu sharhi ne a kan wannan babi, sai dai kowane mai ba da umarni da tasa fatawar.

A High Noon na Fred Zinnemann, 1952, Gary Cooper ne shugaban 'yan dokar gari, wanda ya sami labari ranar aurensa cewa wani mugu da ya taɓa ɗaurewa zai sauka a jirgin tsakar rana. Tsawon fim ɗin minti 85 ne, kusan daidai da lokacin da ke cikin labarin, agogo kuwa yana fitowa a bango a kai a kai. Ya bi alƙali da abokai da masu ibada a coci yana neman taimako, kowa ya kawo uzuri mai kama da hankali, har ya tsaya shi kaɗai. Bayan ya yi nasara, da taimakon amaryarsa wadda aƙidarta ta haramta kisa, sai ya cire lambar aikinsa ya jefar a ƙasa. Marubucin labarin, Carl Foreman, an kira shi gaban kwamitin majalisa mai farautar 'yan gurguzu a 1951, ya ƙi ambaton sunan kowa, aka toshe masa hanyar aiki, ya yi hijira zuwa Ingila. Ba sai an yi dogon tawili ba kafin a gane su wane ne mutanen garin nan. Wayne da Howard Hawks sun ƙi jinin fim ɗin, suka mayar da martani da Rio Bravo a 1959, inda shugaban 'yan doka ke ƙin karɓar taimakon waɗanda ba gwanaye ba. Saɓanin nasu a kan wajibin jama'a ne: shin tsaron gari farali ne a kan kowa, ko kuwa aikin ƙwararru ne da ke ɗauke wa saura?

George Stevens, wanda ya ɗauki hotunan sansanin Dachau a ƙarshen yaƙin duniya na biyu, ya dawo gida ba ya ɗaukar harbi abin wasa. A Shane, 1953, inda rigima take tsakanin manoma masu shinge da mai garke wanda ke cewa shi ya riga kowa zuwa, rigimar da mu a nan ba ma buƙatar tafinta kafin mu fahimce ta, ya sa an ƙara wa bindiga ƙara, an kuma ɗaura wa wanda za a harba waya a fizge shi baya ya faɗa cikin taɓo, domin mai kallo ya ji nauyin rai. Alan Ladd ya kashe sojan hayar da Jack Palance ya fito a matsayinsa, manoma suka sami lafiya, shi kuwa ya hau doki da rauni a jikinsa ya bar kwarin. Haka nan Anthony Mann, a finafinan kaboyi biyar da ya yi da James Stewart daga Winchester '73 na 1950, ya mai da jarumin mutum mai ciwon zuci, wanda ƙisasi ya kusa haukatarwa.

Ƙofar da aka rufe da gaskiyar da aka binne

A The Searchers, 1956, Ford ya kai mas'alar inda ba a taɓa kai ta ba. Wayne ne Ethan Edwards, tsohon sojan kudu da ya komo gidan ɗan'uwansa a Texas a 1868. Comanche suka kai hari suka kashe mutanen gidan suka tafi da ƙaramar yarinya, shi kuwa ya bi sawunta shekara biyar. Sannu a hankali mai kallo yake gane cewa niyyarsa ta juya, so yake ya kashe ta, domin a ganinsa zama da Comanche ya ɓata ta. Mutum ne da ke harbe idanun gawa don ya hana ta sakat a lahira bisa aƙidar masu ita, yana kuma harbin ɓauna barkatai don maƙiyansa su rasa abinci. A ƙarshe ya ɗaga yarinyar sama, ya fasa, ya kai ta gida. Kowa ya shiga ɗaki, kyamara tana ciki cikin duhu tana kallon waje. Shi kaɗai ya tsaya a bakin ƙofa, ya kama gwiwar hannunsa da ɗaya hannun, irin tsayuwar marigayi ɗan wasa Harry Carey wanda matarsa ke cikin 'yan wasan, ya juya, aka rufe ƙofa. A Stagecoach laifin rabuwar na gari ne. A nan kuwa Ford ya yarda cewa a jikin jarumin kansa akwai abin da bai kamata a shigo da shi cikin gida ba.

Saura The Man Who Shot Liberty Valance, 1962, wanda ya ɗauka da baƙi da fari, galibi a cikin ɗakin shirya fim, ba tare da manyan duwatsun da aka san shi da su ba. Stewart lauya ne da ya zo yamma da littattafan shari'a, ɗan fashi Valance, wanda Lee Marvin ya fito a matsayinsa, ya yi masa bulala ya yayyaga littafin. Ya koma wanke kwanuka da koyar da karatu, har ranar da larura ta sa ya ɗauki bindigar da bai iya ba, ya fita da rigar wanke-wanke, Valance ya faɗi. A kan wannan suna ya zama wakili, ya zama gwamna, ya zama sanata. Daga baya aka sake nuna mana daren ta wata kusurwa: Wayne ne a lungu cikin duhu, ya harbe mutumin da doguwar bindiga, kisan da shi da bakinsa bai kira shi da wani suna mai daɗi ba. Ya rasa matar da yake so, ya ƙone gidan da ya gina mata, ya mutu ba wanda ya san shi. Da sanatan ya fayyace wa 'yan jarida gaskiya, editan ya yayyage takardar, don a ganinsa hikayar ta riga ta fi gaskiyar amfani ga jama'a. Ford ya taɓa nuna irin wannan rufa-rufa a Fort Apache, 1948, inda aka mai da kwamandan da girman kai ya sa ya hallaka rundunarsa gwarzo a jarida. Bambancin shi ne, a can yana ganin maslaha a ciki, a nan kuwa baƙin ciki ya rinjayi maslahar.

Waɗanda ba a ba su baki ba

Adalci ya wajabta a faɗi cewa muhawarar nan tsakanin Turawa ake yin ta, a kan ƙasar wasu. Monument Valley, kwarin da Ford ya mayar tambarin yammacin Amurka, ƙasar Navajo ce a iyakar Arizona da Utah, kuma Navajo ɗin ne ake biya su fito a matsayin Apache ko Comanche ko Cheyenne, manyan matsayi kuwa a ba Turawa: Henry Brandon, haifaffen Jamus, shi ne sarkin Comanche a The Searchers, Jeff Chandler kuma shi ne Cochise a Broken Arrow na 1950, duk da cewa fim ne mai tausaya musu. Baƙar fatan da suka kori shanu kusan an shafe su ƙaf. Ford ya nemi yin kaffara a ƙarshen aikinsa, ya ba baƙar fata Woody Strode babban matsayi a Sergeant Rutledge, 1960, ya kuma ba da labarin gudun hijirar Cheyenne a Cheyenne Autumn, 1964, amma ko a nan ɗin 'yan wasan da ba 'yan ƙabilar ba ne suka riƙe manyan matsayin.

Hikayar ta yi tafiya har ta iso mu, ta gidajen silima na Kano da Kaduna da Yamai, kafin finafinan Indiya su ƙwace kasuwa. A 1966 Moustapha Alassane na Nijar ya shirya Le Retour d'un aventurier, wanda Zalika Souley ta fito a ciki, labarin saurayin da ya komo daga tafiya da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu. Alassane ya gano abin da ya kuɓuce wa 'yan kallo da yawa, cewa wanda ya ari hula da bindiga ya bar tambayar da ke tare da su, ɓarna kawai ya aro.

Kammalawa

Abin da ya bayyana daga wannan bincike abu uku ne. Na farko, tazarar da ke tsakanin tarihin yammacin Amurka da hikayarsa da gangan aka yi ta, kuma an fara ta tun masu abin suna da rai. Na biyu, manyan masu ba da umarni ba su tafi a kan ra'ayi guda ba: Zinnemann ya tuhumi jama'a, Hawks ya wanke ƙwararru, Stevens da Mann sun auna abin da kisa ke yi wa mai kisan, Ford kuwa ya fara da zargin gari ya ƙare da zargin hikayar da shi kansa ya gina. Na uku, duk zurfin muhawarar, an yi ta ne ba tare da an saurari masu ƙasa da bayin da aka 'yanta ba, don haka hukuncinta naƙasasshe ne. Shawarata ga sassanmu na tarihi da adabi ita ce a riƙa karantar da waɗannan finafinai tare da tarihin da suka rufe, a kuma ɗora irin wannan ma'auni a kan ƙissoshin kafuwar garuruwanmu, a tambayi wane ne ya ruwaito, wane ne ya amfana, wane ne kuma aka bari a waje. Allah Shi ne mafi sani.